Wata huɗu ina murɗa sautin ogan a sintasaiza

Saboda sautin ogan, kayan kiɗan nan mai maɓallai irin na coci, kaɗai na sayi wannan sintasaiza, wato fiyano na lantarki mai kwaikwayon sautin kayan kiɗa, amma ranar da na fara kunna shi sai da gabana ya faɗi. Sautukan da ya zo da su daga kamfani duk a shaƙe suke, kamar mai mura yana rera waƙa, an kuma cika su da amsa-kuwwa don a rufe aibinsu. Na kwana biyu ina tunanin mayar da shi. Yanzu wata huɗu ke nan, kuma na gane laifin saiti ne, injin da ke ciki lafiyarsa ƙalau.

Abin da yake kwaikwayo shi ne ogan ɗin Hammond, wanda Laurens Hammond ya fitar kasuwa a 1935, musamman samfurin B-3 da ya biyo baya. Wancan ogan yana da sanduna tara da ake ja, kowace daga 0 zuwa 8, kuma kowace tana ƙara wata murya a kan maɓallin da aka danna. Lambobin da ke jikinsu, 16, 8, 4, 2 har zuwa 1, tsawon bututun tsohon ogan na iska ne a ma'aunin ƙafa: babbar lamba sauti mai kauri, ƙarama siriri. A nawa fiyanon, sandunan tara suna nan a sama, kuma in an shiga ɓangaren ogan, jawo su wajenka ne ke ƙara sauti. Wannan ya ruɗa ni da farko, don hannu ya saba tura abu sama in ana son ƙari.

Zarin sabon shiga ya sa na jawo duka tara zuwa 8. Kunnena ya gaya mini gaskiya nan take. Da na koma 888000000, wato ukun farko kawai, saitin da aka san Jimmy Smith, shahararren makaɗin ogan na jazz, da shi, sai ga sautin da nake nema: mai kauri, mai ɗumi, ba ya danne murya. In ina son ɗan fito a sama sai in jawo ta ƙarshe. In waƙa mai sanyi ce, 808000000 ta ishe ni.

Akwai kuma ɗan "ƙwas" da ake iya kunnawa, wanda ke fitowa a farkon sauti. Nan ma na yi zaton na'urar ta samu matsala, domin yana fita a maɓallin farko, sauran kuma shiru muddin ban ɗaga yatsuna duka ba. Ashe haka asalin yake, kuma da gangan aka kwaikwaye shi. Haka nan da zarar an kunna shi, sandar ƙarshe takan mutu. Ya tilasta mini gyara yadda nake ɗaga hannu, kuma kiɗana ya fi fita tsaf. In na kunna shi, ina barin sa a murya ta uku, wato mafi siriri cikin zaɓi biyun da yake da su, a tausashe, mai saurin ɓacewa. Ƙarar "ƙaras" ta danna maɓalli kuwa, wadda a asali daga wayoyi tara da ke haɗuwa a ƙarƙashin kowane maɓalli take fitowa, kashi ɗaya cikin uku nake sa mata. In ta wuce haka sai ka ji kamar ana buga tafireta.

Inda na fi daɗewa shi ne lasifika mai juyawa, irin wadda Donald Leslie ya ƙirƙira. A ta gaske, ƙaho ne a sama yake juya siririn sauti, ganga a ƙasa take juya mai kauri, an raba su a wajen 800 Hz, wato ma'aunin kauri ko sirantar sauti. A hankali suna yin kusan juyi 40 a minti, da sauri kuwa su doshi 400. Daɗin abin yana tsakanin biyun: ƙahon ba shi da nauyi, nan da nan yake ɗaukar gudu, gangar kuma sai ta yi ta jan jiki kafin ta cim masa. Saitin da na tarar ya sa su tashi tare kamar fanka, shi ne ma ya kashe sautin. Na sa ƙaho ya kai gudu a cikin kamar daƙiƙa ɗaya, ganga a kusan biyar, na mayar da sauya gudun kan fedar ƙafa. Ogan bai san ƙarfin yatsa ba, ko ka doke shi ko ka shafa shi sauti ɗaya ne, don haka motsin ransa yana wajen wannan juyi da fedar ƙara sauti. Wanda ya bar su a tsaye, ko wace na'ura ya saya haka zai ji ta a bushe. A haɗa da waya biyu, hagu da dama, in ba haka ba rabin juyin ya tafi.

Ba duka ne ya yi mini ba. Saitin gudun nan yana binne a shafi na biyar na menu, a kan allo ɗan mitsitsi, ga shi in ka manta ba ka adana ba ka sauya sauti, aikin awa guda ya bi ruwa. Sau biyu hakan ta same ni. Gurnanin da ake ƙara wa sauti yana da daɗi har zuwa rabi, daga nan sai ya koma tsatsa a kunne. Maɓallan ma suna da kaifin baki, in na share su da tafin hannu sai na ji a jikina.

Mai son ya kunna ya tarar da komai a shirye zai yi fushi da shi. Ni dai na adana saiti uku, na rage amsa-kuwwa kusan zuwa sifili, kuma tun daga lokacin ban sake buɗe sautukan kamfanin ba.