Tsohuwar sintesaiza ko sabuwa: wacce ta cancanci kuɗinka?

Wanda ya daɗe yana haɗa kiɗa a kwamfuta, akwai ranar da hannunsa ke fara ƙaiƙayi. Ya gaji da jan linzami a kan allo, yana so ya kama wani abu ya murɗa, ya ji sauti ya buɗe ko ya rufe nan take. Sai ya shiga neman sintesaiza, wato na'urar kiɗa mai haɗa sauti da lantarki, kuma tun daga bakin ƙofa zai tarar da mutum biyu suna ja-in-ja. Ɗaya ya ce tsohuwar zuma ake magani da ita, duk abin da aka ƙera bayan shekarun 1980 kwaikwayo ne. Ɗayan ya ce me zai kai ka ga tarkacen da ya shekara arba'in, ga sabuwa dal a kwali? Na zauna a ɓangarorin biyu, na kuma yi asara a ɗaya. Su a kan daɗin sauti suke gardama, amma abin da zai dame ka kullum daban ne: wa zai gyara ta in ta lalace, yaya za ta haɗu da sauran kayanka, kuma minti nawa za ka ɓata kafin ka fara kiɗa.

Kafin maganar tsufa, ka fara tambayar kanka murya nawa kake bukata. Akwai na'ura mai murya ɗaya, wadda ko haƙora biyar ka danna a kibod, ɗaya kawai za ta fitar. Irinta ake so wajen bes, wato sautin ƙasa mai kauri, da kuma sautin da ke jan waƙa. Akwai mai muryoyi da yawa, wadda ke ɗaukar kod, wato haƙora da yawa da aka danna tare, ta shimfiɗa maka sauti mai faɗi a ƙarƙashin waƙa. Da yawa sun sayi mai murya ɗaya don sunanta, sai da suka kai gida suka gane kod suke son bugawa.

To, me tsofaffin ke da shi da ake ta rububinsu?

Minimoog ta fito a 1970 daga kamfanin Robert Moog a Amurka. Murya ɗaya gare ta, osileta uku, wato masu haifar da asalin sautin, sai filta wadda ke tace shi. Filtar nan ce sirrinta: idan ka tura mata sauti da ƙarfi, sai ta ɗan ƙoshi, bes ɗin ya yi kauri ya cika ƙirji. Ba ta da ma'ajiya ko kaɗan. In ka haɗa sauti mai daɗi yau, gobe wani ya taɓa mamurɗi ɗaya, ya tafi ke nan, sai dai in ka zana matsayin kowane mamurɗi a takarda. Prophet-5 ta Dave Smith, wadda ta fito a 1978, ita ta kawo maganin wannan: murya biyar, da ƙwaƙwalwar da ke ajiye sautin da ka haɗa ka dawo ka same shi. Daga Japan kuma Roland ta fitar da Juno-60 a 1982 da Juno-106 a 1984, kowacce murya shida. Juno ba ta da kayan ciki da yawa, osileta ɗaya ce ga kowace murya, amma akwai maɓallin koros wanda da zarar ka danna shi sautin ke bazuwa hagu da dama kamar an buɗe taga. Yana zuwa da ɗan shuuu a ƙasa, kuma masoyanta har wannan shuuu ɗin suke so.

Yamaha DX7 ta 1983 wata halitta ce daban. Dijital ce, wato da lissafi irin na kwamfuta take haɗa sauti, tana aiki da dabarar FM wadda John Chowning ya gano a Jami'ar Stanford, murya goma sha shida, ba ta da filta sam. Ƙarar ƙararrawa, fiyanon lantarki mai walƙiya, bes mai tsini, duk nata ne, kuma sun cika waƙoƙin shekarun 1980. Sai dai haɗa sabon sauti a kanta azaba ce: ɗan ƙaramin allo, maɓallai shafaffu, da abin ja guda ɗaya da za ka bi da shi ta kan lambobi sama da ɗari. Shi ya sa mafi yawan masu ita suka tsaya a sautukan da ta zo da su.

Labarin TB-303 kuwa ya kamata mai saye ya riƙe shi. Roland ta yi ta a 1981 don ta maye gurbin mai buga bes ga makaɗin da ke atisaye shi kaɗai. Ba ta yi kama da bes ba, ba ta yi kasuwa ba, aka daina yin ta. Matasan Chikago suka tsince ta a kasuwar kayan hannu saboda arha, suka murɗa filtarta yadda ba a nufa ba, aka samu salon kiɗan rawa da ake kira asid haus. Arha ce ta kai su gare ta. Yau kuma ita ce ake saye da tsada ta fitar hankali don a yi koyi da mutanen da suka ɗauke ta saboda ba su da kuɗin wata.

Yanzu ga ɗaya fuskar, wadda mai sayarwa ba zai fara faɗa maka ba. Na'urar analog mai shekara arba'in, wato wadda sautinta ke fitowa kai tsaye daga kayan lantarki ba daga lissafi ba, jiki ne da ya tsufa. Tsofaffin osileta sai sun ɗumama, ka kunna ka jira kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin kafin murya ta daidaita, kuma zafin ɗaki na iya karkatar da ita ana tsaka da ɗauka. Kafasita, ƙananan kayan ciki masu riƙe lantarki, na bushewa. Abin ja na cika da ƙura, kana tura shi yana ƙaraf-ƙaraf a lasifika. Wasu kuma suna da ciwon gado da kowa ya sani: a Juno-106, ƙwayoyin lantarki na murya masu lamba 80017A suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, a Korg Polysix ta 1981 kuwa batirin ciki ke yoyo ya cinye allon da yake zaune a kai.

Ni ma na taɓa yin cinikin biri a sama. Na ga hoton wata tsohuwar na'ura, katakon gefenta na sheƙi, mai ita ya turo ɗan bidiyo yana buga kod uku, na biya. Sati biyu tana aiki lafiya. Ran nan na kunna, duk sautukan da ke ciki sun zama shirme, wani ya yi tsit, wani yana kuka kamar ƙofa. Mai gyara ya kwance ta, ya haska fitila, ya kira ni: "Zo ka gani da idonka." Kewayen batirin ya yi kore, tsatsa ta bi siraran layukan tagulla ta cinye su kamar gara ta shiga itace. Ya ce zai iya, amma sai ya bi layi-layi da waya yana ɗinkewa, kuma akwai ƙwaya ɗaya da an daina yin ta, sai an samo daga gawar wata na'urar. Wata huɗu tana wurinsa. A wata huɗun nan ban haɗa waƙa ko ɗaya da ita ba, kuma kuɗin gyaran ya isa ya sayi sabuwa ƙarama.

Sai maganar haɗi. MIDI, harshen da na'urorin kiɗa ke magana da juna da shi, a 1983 ya fito. Duk wadda ta riga shi ba za ta ji kiran kwamfutarka ba sai da tafinta. Juno-106 tana da MIDI, Juno-60 ba ta da shi, mahaɗin Roland na kanta gare ta. Tsofaffin masu murya ɗaya da ƙarfin lantarki ake sarrafa su, kuma ko a nan ba baki ɗaya suke ba: Moog da Roland suna bin tsarin bolt ɗaya ga kowace okteb, wato tazarar murya daga do zuwa do na gaba, Korg MS-20 ta 1978 tana bin wani tsari daban, in ka haɗa su kai tsaye sai muryoyin su karkace. Ka kuma duba bayan na'urar kafin ka soka a bango. Wadda aka yi don kasuwar Japan bolt 100 take ci, ta Amurka 120, ta Turai 220 zuwa 240. Kuskure ɗaya a nan, sai hayaƙi.

Sababbin fa? Kashi uku ne, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Akwai waɗanda kamfanin asali ya sake yi. Korg ta dawo da MS-20 a ƙaramin jiki a 2013, Moog ta dawo da Minimoog a 2016, Sequential ta Dave Smith ta dawo da Prophet-5 a 2020. Sautin gidan ne, ga MIDI, ga garanti, ga kayan gyara a kasuwa. Banda MS-20 ƙarama, ba su da arha, amma kuɗin na'ura kake biya, ba kuɗin tarihi ba. In zuciyarka ta kafe a kan ɗaya daga cikin sunayen nan, nan zan tura ka.

Akwai na kwaikwayo, inda Behringer ta fi kowa suna, da Model D mai bin Minimoog da TD-3 mai bin TB-303. Ana ta cacar baki a kan ko ya dace a kwafi aikin wani, wannan kai da zuciyarka. Ta fuskar kunne dai, in an saka su cikin waƙa da ganga da murya da komai, kaɗan ne za su iya rantsuwa wacce ce wacce. Inda za ka ji bambanci shi ne a yatsa: jiki ƙarami, mamurɗai a matse.

Kashi na uku su na fi so a ba ɗan koyo, wato waɗanda ba sa kwaikwayon kowa. Korg Minilogue ta 2016 analog ce mai murya huɗu, kusan kowane aiki da mamurɗinsa a fili, ga ɗan allo da ke zana maka siffar sautin yayin da kake murɗawa. Wannan allon malami ne: ka rufe filta ka ga tsinin igiyar sautin yana lanƙwashewa daidai lokacin da kunnenka ke jin ya yi laushi. Arturia MicroFreak ta 2019 ta haɗa osileta dijital da filta analog, ba ta da nauyi, tana fitar da sautukan da babu tsohuwar da za ta iya, sai dai kibod ɗinta shafaffen faranti ne, wanda ya saba da fiyano zai ji wani iri. Jerin Volca na Korg, tun 2013, ƙanana ne masu aiki da batir, sun dace da wanda ke son gwada ruwa kafin ya shiga.

Abin lura ɗaya a sababbin: kar a ruɗe ka da yawan abin da aka rubuta a kwali. Wata tana iya abu dubu amma duk a ɓoye cikin jerin zaɓi a ɗan allo, ka danna nan ka shiga can kafin ka kai ga filta. In haka ne, me ya raba ta da kwamfutar da ka gudo daga gare ta? Ka ƙirga mamurɗan da ke fuskarta.

Ba zan tsallake manhaja ba, don wani lokaci ita ce amsar. Dexed kyauta ce, tana karanta ainihin sautukan DX7, kuma tana nuna maka komai a allo ɗaya, abin da ita DX7 ɗin ba ta taɓa yi ba. Tunda asalin na lissafi ne, kwafin ya yi kusa ƙwarai, don haka ban ga dalilin ɗaukar nauyin tsohuwar ba sai don daɗin kibod ɗinta. Vital da Surge XT ma ana samun su kyauta. Masu sha'awar modula kuwa, wato tsarin Eurorack da Doepfer ya kafa a tsakiyar shekarun 1990, inda kake sayen osileta daban, filta daban, ka haɗa da wayoyi, su fara da VCV Rack a kwamfuta tukuna. Rijiya ce mai zurfi, akwatin ba ya taɓa cika, kuma na ga waɗanda suka shekara suna sayen yanki-yanki ba su ƙarasa waƙa ba.

Hukuncina shi ne, na'urarka ta farko ta zama sabuwa, mai mamurɗai a fili, mai MIDI da USB. In kana hawa dandali, sabuwa nan ma, don tsohuwa ba ta son jijjigar hanya. Tsohuwa ta mai sharuɗɗa uku ce: ya san ainihin sautin da yake nema kuma ya gwada sababbin bai samu ba, yana da mai gyara da ya taɓa buɗe irinta, sannan ya ware kuɗin gyara daban tun kafin ya biya. Wanda ya cika su zai samu abin da ke da wuyar kwatantawa, ɗan karkacewar nan da ke sa kowace murya ta bambanta da 'yar'uwarta kaɗan, kod ya yi kamar yana numfashi. Kuma in an kula da ita, darajarta ba ta cika faɗuwa ba.

In ka yanke shawarar tsohuwar, je ka da kanka, da abin jinka na kunne. Ka ce kar a kunna ta kafin ka iso, don wasu cututtukan a sanyi suke nunawa, wasu kuma sai ta yi zafi, saboda haka ka zauna aƙalla rabin awa. Ka bi haƙoran kibod ɗaya-ɗaya daga ƙasa har sama. In murya shida ce, ka danna shida ɗaya bayan ɗaya kana riƙewa, ka saurara ko akwai wadda ta yi shiru, ko ta fi sauran ƙara, ko ta ƙi mutuwa bayan ka saki. Ka motsa kowane mamurɗi da abin ja daga farko har ƙarshe. Ka ajiye sauti ɗaya, ka kashe, ka jira, ka kunna ka ga ko yana nan. Ka tambayi yaushe aka canja batir da kuma wa ya taɓa gyara ta. Daga ƙarshe ka roƙa a kwance murfin ka leƙa kewayen batirin da fitilar wayarka. In mai ita ya fara kame-kame a nan, ɗauki jakarka.