Littafin salon maganar Turanci na Japanawa: hoto ɗaya ya ja mana abin kunya

Tauraro uku na ba shi, kuma ko ukun ma sai da na yi ta shawara da zuciyata.

Ɗaliban da ke nan Japan sun san yadda abin yake: in ka karɓi izini kana da sa'o'i 28 a mako na aiki, kowa da irin baito ɗinsa, wato aikin ɗan lokaci. Ni nawa koyar da Turanci ne. Duk Asabar nakan zauna da wani magidanci, ma'aikacin kamfanin kayan gyaran injuna a nan Nagoya, a shagon kofi kusa da tashar jirgin ƙasa. Mutumin ya haura maki 800 a jarrabawar Turanci ta TOEIC, nahawunsa ya fi nawa tsafta, amma da zarar abokan cinikinsu na Ostireliya sun saki baki a taron bidiyo sai ya koma kurma. Shi ya roƙe ni mu shiga salon magana, ni kuma na je na sayo littafin nan da kuɗin aljihuna.

Makonni ukun farko har yabonsa nake yi wa mutane. Ɗan ƙarami ne, da jar ledar nan da ake ɗorawa a kan shafi sai fassarar da aka buga da jan tawada ta ɓace, ka gwada kanka. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake haɗa maganar Turanci da 'yar uwarta ta Japananci. A piece of cake aka ajiye ta gefen asameshi mae, wato abin da za ka gama tun kafin karin kumallo, irin abin da mu za mu ce kamar shan ruwa. Da muka zo kan jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ɗalibin nawa ya yi dariya ya ce ai isseki nicho ke nan, tasu ce. Na ce masa daga Turancin suka aro ta, bai yarda ba sai da ya duba a wayarsa.

To, sai muka zo kan pull someone's leg.

An zana wani mutum ya kama ƙafar wani yana ja, a ƙasa an rubuta kalmar Japananci karakau da jan tawada, ma'ana zolaya. Shi ke nan. Ba gargaɗi, ba ko ɗan layi guda. Alhali duk ɗan Japan ya tashi da ashi o hipparu a bakinsa, wadda kalma da kalma ita ce jan ƙafar wani, amma ma'anarta ka zame wa mutane cikas, ka hana su gaba. Suna yawan ba da haƙuri da ita a wurin aiki. Wanda ya rubuta littafi domin Japanawa ai ya san da wannan rami, ta yaya zai wuce shi shiru? Fassarar ta ɓace a ƙarƙashin jar leda, hoton ya zauna daram a cikin kan ɗalibina.

Bayan kwanaki aka samu jinkirin wasu kaya daga sashensa. Ya zauna ya rubuta wa mutumin Ostireliya wasiƙar ban haƙuri cikin ladabi irin nasu, ya rufe da sorry for pulling your leg. Bature ya karanta, ya ɗauka duk maganar jinkirin wasa ce ake masa, ya mayar da amsa da dariya yana cewa saura kaɗan ya yarda, to kayan na nan tafe ran Litinin ke nan? Sai da shugaban sashe ya shiga tsakani aka warware.

Asabar ɗin da ta biyo ya zo ya zauna, ko kofinsa bai taɓa ba. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu ya ce, "Sensei, a ina na yi kuskure?" Wallahi na ji kunya. Abin da ya ƙara mini ita, karatun farko da na yi wa wasiƙar ban ga laifinta ba. Kaina na Bahaushe ya ji jan ƙafa, ya ce ai jinkiri ake magana, daidai ne. Sai a karo na biyu na farga. Ƙafa ɗaya, harsuna uku, kowa da inda yake janta. Saboda haka ba zan ɗora wa littafin duka ba, ni ma ranar da muka yi shafin sauri nake in kama jirgi.

Amma tun daga nan idona ya buɗe, na koma ina bin sa shafi-shafi, sai raina ya ƙara ɓaci. Raining cats and dogs, wato ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tana can gaba-gaba kamar wata babbar kadara, ni kuwa ban taɓa jin mai rai ya faɗe ta ba in ba a aji ba. Ba a nuna wacce ake faɗa wa aboki, wacce ake rubuta wa abokin ciniki. Sannan ko shafi ɗaya babu a kan Turancin da Japanawa suka ƙera da kansu, alhali nan ne ainihin ciwon yake: high tension a wurinsu mutum ne mai zumuɗi da fara'a, cunning satar amsa ce a jarrabawa, mansion kuwa gidan bene ne na haya ko na saye mai ɗakuna barkatai. Ɗalibina ya taɓa gaya wa baƙi cewa a mansion yake zaune, suka ɗauka hamshaƙi ne.

Muryoyin littafin da ake saukewa a waya ba laifi, sai dai a hankali suke magana kamar masu rarrashin yaro.

In kana da wanda zai zauna da kai ya nuna maka ramukan, saya, zai yi amfani. In kai kaɗai ne da jar leda a cikin jirgi, ban ba ka shawara ba. Mutumina dai bai sallame ni ba, sorry for the delay yake rubutawa yanzu. Asabar mai zuwa za mu kai break a leg, wadda kalma da kalma karya ƙafa ce amma fatan sa'a take nufi, na riga na manne hoton da takarda.