Famfon ram: mai kai ruwa kan tsauni ba fetur ba lantarki

Ƙauyen da ke bisa tsauni, ƙoramarsa kuma tana can ƙasa, famfon ram ya fi masa injin fetur nesa ba kusa ba, muddin ruwan yana da gangara. Tun 1796 Joseph Montgolfier na Faransa ya ƙera shi. Ruwa ya gangaro ta bututu da gudu, bawul ya rufe farat ɗaya, ƙarfin bugun ya cusa kaɗan daga ruwan cikin tukunyar iska, daga nan ya haura tudu. Bawul biyu ne kaɗai ke motsi a jikinsa.

Kafin a saya, a auna ruwan a tsakiyar rani. Bokiti da agogo sun wadatar. A ce ana samun lita 20 a minti, gangarar zuwa famfo mita 3 ce, tankin gari kuma yana mita 30 sama da famfo. A ninka 20 da 3 da 0.6 (domin kusan kashi shida cikin goma na ƙarfin ruwan ne ke yin aiki), a raba da 30: lita 1.2 ke nan a minti, kimanin lita 1,700 dare da rana. Sauran duk yana komawa ƙorama. Ruwan da ya hau ya ishi sha da girki na gidaje kaɗan, amma mai neman ban ruwan babbar gona ya nemi wata dabara.

Yawancin matsalar daga bututun shigowa take. Ya zama na ƙarfe, miƙaƙƙe, a ɗaure shi tam, tsawonsa tsakanin ninki 150 zuwa 1,000 na faɗin bakinsa. Bututun roba mai laushi yakan buɗe ya shanye bugun, sai famfo ya yi ta bugawa amma ruwa bai hawa. A sa raga a bakinsa da ƙaramin tankin da yashi zai kwanta, don tsakuwa ɗaya ta isa ta hana bawul rufewa. Idan aka ji bugu ya yi kaushi, bututu na girgiza, to iskar tukunya ta ƙare: ƙaramin ramin shaƙar iska ya toshe, a tsokane shi da siririyar waya. Famfon yana da ƙara kuma, kada a dasa shi kusa da gida.

Robar bawul tana cinyewa, kuma a nan ake gane ko jama'a sun riƙi famfon a matsayin nasu. Ƙungiyar AIDFI ta ƙasar Filifin, mai kafa wa ƙauyuka famfon ram, wadda ta samu kyautar Ramon Magsaysay (babbar lambar yabo ta nahiyar Asiya) a 2011, tana koya wa 'yan gari gyara, ta kafa ƙungiyar ruwa mai karɓar ɗan kuɗin wata. Tsarin ya cancanci koyi. A horar da mutum biyu, domin ɗaya na iya yin tafiya, a ajiye sifana da robobi a hannun kwamiti, sannan a zaɓi samfurin da ake kwance bawul ɗinsa da noti, wanda makerin walda na kusa zai iya gyarawa.