Sabon bayolin mai araha ko na hannu: wanne zai jure hunturun Sakkwato?

Ƙanena, ga yadda na fahimci tambayarka. Kana son fara koyon gogen Turawa, wato bayolin, ba ka taɓa riƙe shi ba, kana zaune a nan Sakkwato, kuma abu biyu ne a gabanka. Na farko sabo fil a kwali, wani shago a Legas ya tallata shi a intanet, da baka da akwati da ƙaron da ake shafa wa izgar baka duk a haɗe. Na biyu na hannu ne, ƙirar Stentor, wani malamin kiɗa a Jos yake son sayarwa bayan ɗalibansa sun yi shekaru suna koyo da shi. Akwai ƙarce-ƙarce a jikinsa, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na sabon. Ka ce a faɗa maka wanda za ka ɗauka.

Ni na hannun zan ɗauka, muddin ya tsallake binciken da zan kawo a ƙasa. Ba don tsufa ko suna ba. Dalilai biyu ne: saiti da iskar garinmu.

Mu fara da saiti, don shi ne abin da mai talla ba ya nunawa a hoto. Bayolin ba ya fitowa daga masana'anta a shirye. Jakin da tsirkiyoyi huɗun suke hawa kansa ba manne yake da gam ba, nauyin tsirkiyoyin ne kawai ke riƙe shi a tsaye. Sai wanda ya iya ya fere ƙafafunsa sun zauna daram a kan doron katakon, ya rage tsayinsa, ya gyara lanƙwasar samansa. A ƙarshen baƙin allon da yatsu ke dannawa, tazarar da ke tsakanin allon da siririyar tsirkiya, E, ya kamata ta zama kamar milimita 3.5, ta mai kaurin, G, kamar 5.5. In ta zarce haka sosai, yatsun ɗan koyo za su yi ta zogi, sautin kuma ya riƙa kaucewa ko da ya danna wurin da ya dace. In saman jakin ya cika shimfiɗewa, kana goga tsirkiya ɗaya bakan zai taɓo ta kusa da ita. A nan mutum yake yanke wa kansa hukunci cewa ba shi da baiwa, alhali laifin ɗan katako ne da bai kai tsawon yatsa ba.

A cikin cikin bayolin kuma akwai wani ɗan ginshiƙi siriri a tsaye tsakanin katakon sama da na ƙasa, dab da ƙafar jaki ta ɓangaren E. Shi ma matse shi kawai aka yi. Masu arahar nan sau da yawa da jakin a kwance ake turo su, an naɗe shi a takarda, don kada ya karye a hanya. To, daga Legas zuwa nan kusan kilomita 1,000 ne a mota, da ramuka da komai, kuma babu nauyin tsirkiya da zai danne ginshiƙin. In ka buɗe kwali ka girgiza ka ji wani abu yana gangarawa a ciki, ya faɗi ke nan. Tayar da shi sai da ƙarfe na musamman da ake zurawa ta hudar nan mai kama da harafin f, kuma in ka ɗaure tsirkiyoyi ba tare da shi ba katakon sama zai iya lotsawa. Na malamin Jos ya wuce duk wannan. Yara sun koya da shi, ma'ana wani ya riga ya zauna ya saita shi, in ba haka ba da malamin bai jure sauraronsa ba.

Sai iska. A nan zan daɗe, don ita ce ta bambanta mu da masu ba da shawara daga Legas ko Ingila. Maƙeran bayolin suna son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Legas kusan kullum tana sama da haka. Mu kuwa da hunturu danshin kan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan bazara ta zo a Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40, sannan damina ta jiƙa komai. Ka san yadda ƙofar katako take cijewa da damina, da hunturu kuma ta saki har ka hango waje ta tsagar. Haka bayolin yake yi, sai dai shi katakon samansa kaurinsa bai wuce milimita 3 ba, kuma yana ɗauke da nauyin tsirkiyoyi dare da rana. Wanda aka ƙera da katakon da bai gama bushewa ba, ya zauna a sito a Legas ya sha danshi, ka kawo shi Sakkwato a watan Janairu, ka haɗa shi da jarrabawar da bai shirya mata ba. Kunnuwan da ake murɗa tsirkiya da su za su tsuke su riƙa sulɓewa, ka saita yanzu ka juya ka tarar sun saki. Gefe zai iya buɗewa. In abin ya yi muni fuskar ta tsage.

Jos ba ta da zafinmu, amma tana shan hunturu mai bushewa sosai. Bayolin da ya ga hunturu da yawa a can bai tsage ba, katakonsa ya gama motsin da zai yi. Wannan shaida ce da sabo ba shi da ita komai ƙyallinsa.

Amma in yi wa sabon adalci. Da yawan masu arahar da filawud ake yin su, ba katako guda da aka sassaƙa ba, kuma filawud ya fi wuyar tsagewa saboda an manna shi ne rufi-rufi. Ta wannan fuskar ya fi jure wulaƙanci. Abin da za ka rasa shi ne murya: sautinsa a shaƙe yake, siriri, ba ya amsa hannu. Na gaske ana yin fuskarsa da itacen sufurus, bayansa da gefensa da mapul, dukansu itatuwan ƙasashen sanyi, allon yatsu da kunnuwa kuma da baƙin itacen eboni, wanda dangin kanyarmu ne. A masu araha farin katako mai laushi ake shafa wa baƙin fenti. Bayan 'yan watanni za ka ga fentin a yatsunka, tsirkiya kuma ta fara haƙa rami a allon. Ko a Stentor ɗin ba kowane samfuri ke da eboni ba, don haka ka tambayi malamin wanne ne nasa. Sabon yana da wata riba guda: in shagon ya yarda a rubuce cewa za ka iya mayarwa, kana da mafita. Na hannu in ka biya, ka biya.

Yanzu binciken. Gani ya kori ji, saboda haka ka ce malamin ya kira ka ta bidiyo da rana, a wuri mai haske. Abu na farko shi ne girma, kuma a nan na fi jin tsoro, tunda ka ce na ɗalibai ne. Bayolin hawa-hawa ne: 4/4 na manya, sai 3/4, 1/2, 1/4 har ƙasa na ƙananan yara. A hoto duk kama suke yi. Ka ce ya ɗora tef a bayansa, ban da wuya: na manya kamar santimita 35.5 ne, 3/4 kuwa wajen 33.5. Kai ma ka miƙe hannun hagu ka sa a auna daga wuyanka zuwa tsakiyar tafi. In ya kai santimita 59 ko fiye, 4/4 ne naka. In na Jos ya zama 3/4, magana ta ƙare, ko da kyauta ne.

Sannan tsaga. Ƙarce a fenti ba komai ba ne, kada ya dame ka. Gefen da ya ɗan buɗe ma gyara ne mai sauƙi, don da gangan ake haɗa bayolin da gam ɗin fata mai sakewa, domin in katako ya ja, haɗin ya saki kafin fuskar ta fashe. Tsagar da za ka guje wa ita ce wadda ta bi ta ƙarƙashin ƙafar jaki, ko ta baya daidai inda ginshiƙin ya tokare. Gyaranta sai an buɗe bayolin gaba ɗaya, kuma kuɗin zai fi ƙarfin darajarsa. Ka ce ya murɗa kowane kunne ka ga yana juyawa yana kuma tsayawa. Ka ce ya kaɗa kowace tsirkiya, G, D, A, E, a hankali daga ƙasa zuwa sama, ka saurara ko akwai zizar wani abu da ya saki. Malamin da ya ƙi yin wannan ya ba ka amsa.

Af, in ka leƙa ciki ka ga takarda an rubuta Stradivarius, kada zuciyarka ta buga. Antonio Stradivari, shahararren maƙerin bayolin, ya rasu a Kiremona ta Italiya a 1737, kuma kayan kiɗan da suka rage daga hannunsa wajen 650 ne, an san inda galibinsu suke. Masana'antun Jamus da Faransa sun buga dubbai masu irin wannan takarda tun ƙarshen ƙarni na 19. Tana nufin an kwaikwayi fasalinsa ne kawai. Kada wani ya ƙara maka ko kwabo saboda ita.

Baka kuma, a nan duka biyun za su iya ba ka kunya. Na cikin kwalin araha sau da yawa a karkace yake zuwa, na hannun kuma mai yiwuwa izgarsa ta zube ta yi baƙi da maiƙon yatsun yara. In za ka sayi wani, ka nemi na kabon faiba, don yanayi ba ya lanƙwasa shi kamar na itace. Ka ɗaure izgar har tazararta da sandar a tsakiya ta kai kaurin fensir, in ka gama ka sassauta, kullum. Da hunturu izga tana tsukewa da kanta, in ka bar ta a ɗaure za ta iya karya kan bakan. Sabuwar izga ba ta fitar da sauti sai ta sha ƙaro, kada ka ɗauka an cuce ka. Tsirkiya kuwa, mai ƙarfe a ciki irin Prelude ta D'Addario ta fi zama lafiya da canjin yanayi, ta kuma fi sauƙin kuɗi a kan mai zaren roba irin Dominant, duk da ta biyun ta fi taushin murya. Ka ajiye E guda ta ko-ta-kwana, ita ke yawan tsinkewa. A nan za ka ga araha ba ta ado: in ka sauya wa sabon tsirkiyoyi da baka da jaki, ka kusa biyan kuɗin na Jos, kuma har yanzu filawud ne a hannunka.

Ko wanne ka saya, ka sami ƙaramar robar sabulu ka huda murfinta, ka sa ɗan soso mai laima wanda aka matse sosai, ka ajiye cikin akwatin daga Nuwamba har ruwa ya sauka, yadda ba zai taɓa katakon ba. Kada ka bar shi a mota, kada ka jingine shi a bangon da rana ke duka. In wani wuri ya buɗe, don Allah kada ka kai wa kafinta, kada ka ɗiga masa sufa gulu. Ka sassauta tsirkiyoyin kaɗan ka aika wa mai gyaran kayan kiɗa, ko da a wani gari yake.

Akwai abin da na Jos ya zo da shi wanda ba ya cikin akwati: malamin kansa. Bayolin ba shi da ƙarafan da ke raba wuya gida-gida irin na jita, kunnenka ne zai gaya wa yatsa inda zai sauka. Manhajar saita sauti a waya za ta nuna maka ko kowace tsirkiya ta saitu daidai, bidiyon intanet zai nuna maka riƙo, amma babu ɗayansu da zai ce maka kafaɗarka ta ɗage ko bakanka yana tafiya a karkace. Tun kuna ciniki ka roƙi ya haɗa maka da darasi ta bidiyo na watannin farko, ya kuma liƙa maka ɗan tef a allon inda yatsu uku na farko za su sauka. Makonnin farko tsirkiya buɗaɗɗiya kawai za ka yi ta gogawa gaban madubi, minti 15 ko 20 a rana. Sautin ba zai yi daɗi ba, shi ya sa za ka sayi ɗan robar da ake ɗorawa kan jaki ya rage ƙara. In tafiya ta yi nisa akwai jarrabawar kiɗa ta hukumar ABRSM ta Ingila mai mataki 1 zuwa 8, akwai kuma makarantar MUSON a Legas, ƙungiyar kiɗa da aka kafa a 1983, amma wannan maganar gaba ce.

Ka kuma tambayi kanka wane sauti ne ya ja ka. In irin kukumar Garba Supa ko Hassan Wayam ce ke maka yawo a kai, babu ɗaya cikin biyun nan da zai ba ka ita. Gogenmu ƙwarya ce da fatar guza da tsirkiya ɗaya ta izga, taɓa ta ake yi da yatsu ba a danne ta kan allo, an kuma ƙera shi don wannan iskar, mai gyaransa yana kusa. In kuwa bayolin ɗin waƙoƙin Sudan ko na finafinan Indiya kake ji, to ka ci gaba da shirinka. Ka dai fara sanar da su Baba kafin kwali ya iso gida. Ka san yadda ake kallon mai goge a garin nan, gara su ji daga bakinka.

Idan na Jos ya faɗi jarrabawa, kada ka ruga ka danna wancan tallan. Ka nemi shagon da zai tabbatar maka katako ne sassaƙaƙƙe, ya tayar da jakin, ya kaɗa maka shi a bidiyo kafin ya rufe akwati. In kuma ya ci, kada a jefa shi a but tare da buhuna. A ba wanda zai riƙe shi a cinya, tsirkiyoyin a ɗan sassauce amma ba a sake ba, don ginshiƙin ya zauna. Ya iso ka bar akwatin a rufe a ɗaki har washegari kafin ka buɗe. Kafin nan, ka ce malamin ya turo hoton tef a kan bayan da hoton ƙarƙashin jakin daga kusa, ka kawo mu duba tare.