Gargaɗi ga malamai: tallar aikin koyar da Turanci a Maldives

Assalamu alaikum. Ƙanina malamin Turanci ne a wata makarantar kuɗi, kuma a makonnin da suka wuce aka raba shi da babur ɗinsa da sunan za a kai shi koyarwa Maldives. Shi ya ce in rubuta, don kada wani ya faɗa ramin.

Tallar ta shigo ne ta rukunin WhatsApp na tsofaffin ɗaliban kwalejinsu. Hoton teku shuɗi da farin yashi, a ƙasa an rubuta ana neman malaman Turanci, albashi da dala, ga masauki da tikitin jirgi kyauta. Layin ƙarshe ne ya kama shi: ƙasar Musulmi ce, za ka yi sallarka hankali kwance. Wannan kam gaskiya ne. Maldives tsibirai ne kusan 1,200 a Tekun Indiya, kudu maso yammacin Indiya da Siri Lanka, babban birninsu Malé. Harshensu Dhivehi, amma da Turanci ake koyar da yawancin darussa, yaransu na zana jarrabawar Cambridge, kuma suna ɗauko malamai daga waje, galibi Indiyawa. Duk wanda ya duba intanet zai tarar da haka, sai zuciyarsa ta kwanta. Da wannan gaskiyar 'yan damfarar suke lulluɓe ƙaryarsu.

Kuɗin fom suka fara karɓa, ɗan kaɗan, wanda ba zai sa ka tsaya tunani ba. Sai ganawa ta waya, minti biyar, murya kawai, wai kyamarar ofis ta lalace. Bayan kwana biyu ga takardar ɗauka aiki har da tambari. Daga nan mutumin ya koma kiransa "Malam, ranka ya daɗe", ya ce saura takardar TEFL, wato shaidar horo kan koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, kuma ta cibiyarsu kaɗai ake karɓa. Aka biya. Sai kuɗin biza, wanda ya fi duka nauyi, shi ne ya ci babur ɗin. Kowane kuɗi asusun wani mutum yake shiga, kuma sunan da ke kan asusun daban da na mai maganar.

Ranar da ya kawo min takardar yana ta murna, ya ce, "Yaya, ka duba, an gama komai." Na karanta sau biyu. An ce ya bayyana gaban shugaban makaranta ranar Juma'a ƙarfe takwas na safe. To a Maldives Juma'a da Asabar su ne hutun mako, Lahadi ake komawa aiki. Lambar "ofishinmu na Malé" da +234 ta fara, alhali lambar wayar ƙasar +960 ce. Adireshin imel ɗin na Gmail ne, ma'aikatun gwamnatinsu kuwa da gov.mv suke ƙarewa. Duk wannan yana gabansa tun farko, amma mai son tafiya ba ya ganin irin waɗannan, ni ma da ni aka yi wa alkawarin dala wataƙila da ban gani ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne shawarar ƙarshe da suka ba shi. Wai ya sayi tikiti da kansa ta Doha ko Dubai, ya shiga a matsayin ɗan yawon buɗe ido, su "juya" masa bizar daga baya. Lallai Maldives na ba masu yawon buɗe ido izinin kwana 30 kyauta a filin jirgi, amma haramun ne a yi aiki da shi, wanda aka kama kuma korarsa ake yi. Izinin aiki, makarantar da ta ɗauke ka ce ke nemo shi daga hukuma tun kana gida, ita ke ajiye kuɗin da doka ta ce a ajiye a kanka. Idan kai ake ce wa ka tura kuɗin biza asusun wani, to babu makaranta a bayan maganar.

Mai neman tafiya tsakani da Allah ya tambayi duk wani dillalin aiki lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba ta isa ba. Akwai kuma shirin TAC (Technical Aid Corps) na gwamnatin Najeriya, wanda tun 1987 yake tura malamai da ma'aikatan lafiya ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik, kuma a fili ake sanar da shi.

Mun kai ƙara banki, mun kuma rubuta wa EFCC tare da rasitan da hotunan hirar. Lambar a kashe take tun ranar da muka nemi sunan makarantar. Jiya wata malama ta turo min tallar daga wani rukuni, hoton tekun nan ne, kalmomin ma ba su canza ba, sai dai an goge Maldives an sa Seychelles, an cire layin sallar.