Mai tsara biki ko gwaggo: wa za a damƙa wa hidimar?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari gari ya waye don kada in ba ki amsar mai jin barci. Ga waɗanda ba su gani ba: ƴar uwarmu ma'aikaciya ce a nan Yamai, gidansu na Bukoki, an sa ranar aurenta cikin Afrilu. Dangin ango mutanen Tawa ne, wajen mutum 40 za su zo. Ban da kayan ɗaki, ta ware sefa miliyan 2 don hidima. Wata mai tsara bukukuwa ta ce a bar mata komai, tun daga lalle har walimar dare, gwaggonta kuwa ta ce a gidansu ba a taɓa ɗauko bare ya riƙe musu biki ba. Shi ne take tambayar wanne ya fi.

Na aurar da ƙannena biyu a hannun dangi, na aurar da ɗiyar yayata a hannun mai tsarawa, kowanne na ɗanɗana zaƙinsa da ɗacinsa. Abin da na gani shi ne ba aiki ɗaya suke yi ba. Mai tsarawa gwana ce wajen abin da ake saye ko ake haya: zaure, kujeru, rumfa, gurup (injin ba da wuta), mai hoto, mai kiɗa. Gwaggo kuwa mutane ta sani. Ita ta san wanda za a taka a kai wa goro har gida, da wanda kati ya ishe shi, da tsohuwar da in aka yi wankan amarya ba ta nan za a shekara goma ana jin maganar.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne zuciyarki take. Mai tsarawa za ta miƙo miki takarda da lissafi guda, ladanta a rubuce, sai ki ji ya yi miki nauyi. Amma aƙalla kin ga girman kayan kafin ki ɗora a ka. Sai dai ki sani, da yawansu suna da la'ada wurin mai zaure da mai girki da mai ado, ban da abin da kika biya. Ba sata ba ce, haka sana'ar take, amma shi ya sa za ki ga tana ta janki zuwa zaure guda. Ki tambaye ta kai tsaye: in na kawo nawa mai girkin, nawa zai ragu? Yadda ta amsa zai gaya miki ko wace ce ita.

Hidimar dangi kuma ana ce mata kyauta, amma tana yoyo ta ƙasa kamar tsohuwar randa. Kuɗin taksi zuwa kasuwar Katako sau huɗu a yini, a ƙaro gawayi, mai ya ƙare, maroƙa sun tsaya a ƙofa a sallame su, ga turmin atamfar da za a yi wa kowace mai girki na gode da shi. Babu wanda ya ci miki ko dala, amma ranar da aka watse ba mai iya gaya miki inda jikka 300, wato sefa dubu 300, suka shiga. A bikin ƙanwata ta farko na zauna da alƙalami kwana biyu ina neman lissafin ya haɗu, daga baya na rufe littafin na ce Allah ya sa albarka.

To amma akwai wani kuɗin da mai tsarawa ba ta sa shi a takardarta, domin ba ta ƙofarta yake shigowa ba: gudummawa. Mahaifiyarki ta yi shekara 20 ko fiye tana zuwa sunan wannan da auren waccan, tana kai jikka 2, jikka 5, bokiti, zane. A al'adarmu wannan ajiya ce, ranar naki bikin ake dawo da ita, sau da yawa har da ninki. Matan nan ba zaure za su kai ba, gida suke zuwa ranar wuni, su zauna kan tabarma, su ci, a rubuta sunansu a littafi. In kika taƙaita biki zuwa walimar masu kati, Inna ta yi asarar ajiyarta, ta kuma yi asarar fuskarta a unguwa, kuma ta biyun ta fi mata ciwo. Wannan littafin gwaggo ce kaɗai za ta iya riƙe shi, domin ita ta san wa ya kawo me a wace shekara.

Ki kuma tuna miliyan 2 ba wasa ba ne. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jikka 42 ne tun Janairun 2024, kin ga abin da kika ware ya kusa albashin shekara 4 na ƙaramin ma'aikaci. A zaure mai sanyi kuwa dare ɗaya zai iya lashe rabinsa. Manyan wurare irin su Radisson Blu ko Bravia ko cibiyar Mahatma Gandhi sai ki bar wa masu su, ba da ke ake yi ba, kuma ba abin kunya a ciki.

Wani abu game da farashi. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan waje suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, farashin shinkafa da mai da kayan gwangwani bai cika zama wuri ɗaya ba. Lissafin da aka rubuta miki a Janairu yana iya canzawa a Afrilu. Mai tsarawa, in kun rubuta cewa farashi ya tsaya, ita za ta ɗauki ƙarin. Dangi kuwa ke za su waiwayo. Maganinsa a wajensu shi ne a sayi abin da ba ya lalacewa tun yanzu a kulle a ɗaki, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Bana Afrilu ya faɗo tsakanin sallolin biyu, don haka dabbar yanka ma kada a bari sai kasuwar Turaku ta fara jin ƙanshin layya.

Inda suka fi rabuwa shi ne ƙidayar baƙi. Mai tsarawa faranti take ƙirgawa. Kin ce 200, ta dafa na 200, ta jera kujera 200, ta tsayar da ƙato a ƙofa yana duba kati. Gwaggo ba ta taɓa ƙirga mutum ba a rayuwarta, tukunya take ƙirgawa, kuma kullum akwai wata a gefe don waɗanda ba a sani ba. Bikin farar kaza ai balbela ba ta jiran gayya. A Yamai kati ɗaya mutum uku yake kawowa, da goyo. A bikin ɗiyar yayata mai gadin ƙofa ya tare wata dattijuwa don ba ta da kati, ashe ƙanwar kakar ango ce. Yaron bai yi laifi ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Mu muka yi laifi da ba mu tsayar da ɗan gida kusa da shi ba, kuma sai da muka je har gida ban haƙuri da ƙwaryar goro. A ɗaya ɓangaren, tukunyar gwaggo ba ta korar kowa, amma in dambu ya yi yawa ba ya jin mai: waɗanda suka zo da wuri su ci nama, surukan da aka ajiye a ɗakin maƙwabta ana girmama su, sai a kai musu shinkafa da romo. Na ga wannan da idona, kuma ni ce na ɗauki tiren.

Abinci ba sai na daɗe a kai ba. Na gida ya fi daɗi ya fi albarka, na mai tsarawa ya fi zuwa kan lokaci kuma ya fi kyan gani a hoto.

Zafi kuwa dole mu tsaya a kansa, tunda Afrilu kika zaɓa, ko aka zaɓa miki. Watan nan a Yamai ma'auni yana haura 40 kusan kullum, kuma lokacin ne aka fi ɗauke wuta domin kowa ya kunna abin sanyinsa. Nan mai tsarawa ta yi wa gwaggo nisa. Ta san ta tambayi mai zaure ko gurup ɗinsa yana ɗaukar na'urorin sanyi duka ko fitilu kaɗai, wa zai sayi gazuwal, lita nawa, wa zai tsaya kusa da shi. Ta san ta kama ƙanƙara tun kwana uku kafin ranar, domin ranar Asabar ɗin da ake aure a kowace unguwa neman ƙanƙara ya fi neman zinariya wuya. A bikin ƙanwata ta biyu gwaggonni uku kowace ta ɗauka ɗayar ce ta yi maganar ƙanƙara, muka raba wa baƙi ruwan leda mai ɗumi kamar na wankan jego. Ba rashin ƙauna ba ne, aikin da aka ce na kowa ne shi ne ba ya da mai shi.

Sai baƙinki na Tawa. Tafiyar wajen kilomita 550 ce, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yini guda a cikin bas. Mutum 40 da suka sauka a gajiye ba fure suke nema ba, ruwan wanka suke so da tabarma da fura mai sanyi, da fuskar da ta san sunansu. Mai tsarawa za ta iya samo motar da za ta kwaso su daga tasha, ta kama musu gidan haya. Amma tarbar suruki ba a ba ɗan haya. Za su zo da tsarabarsu, albasar Galmi, cuku, wataƙila kilishi, kuma wanda ya karɓa da yadda ya yi godiya duk za a kai labarinsa gida. Ki bar wannan ga gwaggo da wani kawu mai sakin fuska. Abu ɗaya kawai: a sauke su a gefen kogin da gidanku yake. In aka kai su Harobanda, ƙetaren kogi, don an samu gida mai araha, duk da gadoji uku da muke da su yanzu, jerin motoci da yamma zai cinye miki awa guda a kowace fita.

Ɗaurin aure, lalle, wankan amarya, kai amarya, sayen baki, buɗar kai, waɗannan ko kusa kada mai tsarawa ta sa baki, iyakarta ta kawo rumfa da kujeru ta ja gefe. Yamai gari ne na gauraye, yadda Zabarmawa suke yi daban, na Adarawa daban, na Arawa daban, har gida da gida ma akwai bambanci. Wadda ta koyi tsari a Instagram za ta jera miki abin da ya yi kyau a ido, ta tsallake abin da tsofaffi suke jira.

Amma ga inda kuɗi ya fi zumunta sauƙi: ranar da abu ya lalace. Wadda kika biya kina iya ɗaga mata murya, ki riƙe cikon kuɗinta. Mu tamu ta karɓi biki biyu rana ɗaya ba ta gaya mana ba, kujeru ba su iso ba sai da liman ya shafa fatiha maza na tsaye, to da yake sulusin kuɗinta na hannunmu, mun zauna mun yi lissafi ta rage. Gwaggo fa? In ta makara ko ta manta, sai ki haɗiye ki ce sannu da ƙoƙari, domin gobe ita za ta zo miki wankan jego.

In ni ce ke, da wannan kuɗin da wannan watan, ba zan ba mai tsarawa komai da komai ba. Zan ɗauke ta kan abu biyu: walimar dare, in har kin ga dole sai an yi, da kayan haya na gida, wato rumfa, kujeru, gurup, ƙanƙara, motar baƙi. Saura duka na gwaggo. Kuma ki lura da yadda za ki gaya mata. Kada ki ce kin ɗauki mai tsara biki. Ki je da kanki, ki durƙusa, ki ce: “Gwaggo, na samo miki yarinyar da za ta yi miki zirga-zirgar kujeru da wuta don kada ki wahala, ke ce uwar biki.” Aikin bai canza ba, amma yanzu kin ƙara mata ƴar aike ne, ba ki yi mata kishiya ba.

Tsakaninsu ki sa mutum ɗaya mai riƙe waya da jaka, ba ke ba, ba Inna ba. Babbar ƙawa mai tsayayyen ido ko wata yaya da ba ta jin kunyar cewa babu. Duk mai neman ƙari ita zai nema. Da mai tsarawa kuma komai a rubuce: yawan kujeru, awar isowa, wanda zai biya gazuwal, abin da za a yi in aka ɗaga rana, da ko tana da wani bikin a ranar. Abans, wato kuɗin da za ki fara bayarwa, kada ya wuce rabi, in ta Nita ko Amana kika tura ki adana takardar. Kafin ki biya ko dala, ki je wani bikin da take riƙe da shi, ki tsaya can baya wajen masu raba abinci, ba gaba wajen furanni ba.

Akwai kuma aiki ɗaya da ba ya cikin takardar mai tsarawa, ba ya cikin littafin gwaggo: takardar aure. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai sanarwar aure ofishin magajin gari, in wa'adin ya wuce sai an bi ta kotu. Ke ma'aikaciya ce, za a nemi takardar nan a wurin aiki. Ki ɗora wa abokin ango wannan tun yanzu, ya tanadi katin shaidarku da na shaidu, ya je a makon farko kafin mutanen Tawa su gama komawa.