Inda aka yi wa jinjirinmu hoton ƙwaƙwalwa ta maɗiga

Ƙanwata ta kwana biyu tana naƙuda a gida, a Mabera, kafin a kai ta asibiti. Yaro ya faɗo bai yi kuka ba, sai da aka yi ta hura masa iska. Washegari ya fara jijjiga, aka sa masa fenobabiton, maganin jijjiga, likita ya ce a je a yi hoton kai. Ni na ɗauke shi zuwa wata cibiyar hoto ta kuɗi a cikin gari.

Na zata za a cusa shi cikin babbar na'urar nan ta MRI. Ashe irin na'urar da ake duba masu juna biyu ce. Matar da ke aikin ta murza man da ake shafawa kafin hoton a tafin hannunta ya yi ɗumi, ta ɗora kan na'urar a maɗigarsa, inda ƙashi bai haɗe ba. Ko farkawa bai yi ba. Ta juyo allon wajena: "Yaya, kin ga nan? Ƙwaƙwalwa ta ɗan kumbura, amma ban ga jini ba." Ta kuma gaya min gaskiya cewa wannan hoton ba komai yake kamawa ba, MRI ne ke fito da rauni a can tsakiyar ƙwaƙwalwa, shi ma ya fi nunawa bayan an yi 'yan kwanaki. Don wannan matar kaɗai zan sake komawa.

Jiran dai babu daɗi. Awa biyu a benci, zafin Sakkwato, fanka ɗaya, ga jinjiri ɗan kwana uku. Wurin da ke karɓar jarirai marasa lafiya bai kamata ya jera su layi ɗaya da masu ciwon baya ba.

Abin da ya ɓata min rai yana bakin ƙofa. Mai shagon magani ya leƙa takardarmu ya miƙo wata kwalba, wai antiyoksidan, tana gyara ƙwaƙwalwa. Na kusa biya, wallahi. Da na kai wa likitanmu sunan, ya zaunar da ni. Ya ce idan iska ta dawo wa ƙwaƙwalwar da ta rasa ta, wasu sinadarai na tasowa su ci ƙwayoyinta kamar tsatsa a ƙarfe, shi ya sa masana ke gwada magungunan antiyoksidan, masu hana wannan tsatsar, irin su melatonin, allopurinol da N-acetylcysteine, wanda ake ba wanda ya sha farasitamol fiye da kima. Duk gwaji ne, ba a kai ga rubuta wa jarirai ba. A Turai sanyaya jariri ake yi zuwa digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 da haihuwa, amma binciken HELIX na 2021 a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash bai ga amfaninsa a can ba, mace-mace ma ƙaruwa suka yi.

Kuɗin kwalbar na haɗa cikin na MRI. Yaron ya kama nono ranar suna, an ce mu dawo da shi awo wata mai zuwa.